Lebura ba shi da maroƙi

Taku huɗu ne daga bakin ƙofa zuwa bangon ƙurya, taku huɗu kuma daga wannan kusurwa zuwa waccan. Da ƙafata na auna, mai ɗakin na zaune a bakin gado tana kallona tana murmushi. Taga guda ce, ta katako, faɗinta bai wuce na faifai biyu ba. Babu silin. In ka ɗaga kai kwano za ka gani, ya yi jawur don tsatsa, rana na tsiyayowa ta 'yan hudoji kamar an bi shi da basilla. A bangon da ke kallon ƙofa akwai ƙusa, an rataye mata hular kwano irin ta masu shiga rami, ta koɗe har ba a gane launinta na asali.

A Iva Valley ne wannan, gefen birnin Inugu, shekarar da na yi bautar ƙasa a jihar. Wani malami a makarantar da aka tura ni ne ya ja ni gidan kakarsa, wai tana jin Hausa kuma ta daɗe ba ta sami abokin hira ba. Ashe abin ya wuce ji. A Kafanchan aka haife ta, cikin kwatas ɗin reluwe, mahaifinta na aikin jirgi, Hausarta kuwa irin ta mutanen da ce, ba gaurayen Turanci. Aure ne ya kawo ta nan. Mijinta ya ƙare ƙuruciyarsa a haƙar kwal, ya rasu ya bar ta a ɗakin da hukumar kwal ta ba shi tun yana saurayi. A cikin taku huɗun nan ta raini 'ya'ya bakwai.

Da na gama aune-aunena sai na yi suɓutar baki irin ta ɗan boko. Na ce, "Mama, ai wannan gida tarihi ne. Bai kamata a taɓa shi ba."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Tarihi ko, ɗana? To ka dawo da damina ka kwana a cikin tarihin. Ka taho da robarka."

Ta fi ni gaskiya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ban janye maganata ba, gyara ta na yi. Abin da nake gani a yau shi ne, tsofaffin gidajen 'yan kwal, na Inugu da ire-irensu, bai kamata a bar wa katafila da dillalan filaye su ba. Bai kuma kamata a kwashe mutanen ciki, a share, a yi fenti, a ajiye maigadi da tikiti a ƙofa ba. A gyara su da mutanensu a ciki, a ba mazauna takardar da za ta hana wani ya zo ya tashe su. Wanda ke son tarihin amma yoyon bai dame shi ba, kallo kawai ya zo yi, kamar yadda na yi ran nan.

Na san wani zai ce ina ruwan Bahaushe da kwal ɗin Inugu. Ai kuwa da ruwansa. A 1909 Turawan binciken ma'adinai suka gano kwal a tsaunukan Udi. A 1915 aka fara haƙa, a 1916 layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal, garin da shi kansa don fitar da wannan kwal ɗin aka kafa shi. Daga baya aka ja layin ya nausa arewa ta Makurɗi da Kafanchan, har ya haɗe da na Legas zuwa Kano a Kaduna. Jirgin da ya kwashi gyaɗar Kano da audugar Funtuwa da fatu da ƙiraga ba da iska yake tafiya ba. Wuta ake hura masa, kwal ɗin da ake ɗura wa wutar kuwa wani bawan Allah ne ya duƙa cikin duhu ya saro shi da diga. Muna tinƙaho da dalar gyaɗa, har bayan takardar naira 200 akwai dalar buhuna. Wanda ya sa jirgin ya motsa ba shi a jikin kowace takarda. (Ga mai son ƙarin dalili: magajin garin Inugu na farko, a shekarun 1950, Malam Umaru Altine ne, Bafillace mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, kuma ƙuri'a ce ta ɗora shi.)

Inugu ba tsohon gari ba ne irin Kano ko Katsina, kwal ne ya haife shi. Shi ya sa taswirarsa ta farko ba ta ɓoye komai. Rafin Ogbete ne iyaka: arewa da shi unguwar Turawa, kudu da shi baƙar fata. Gidan Bature na tsakiyar fili, ga baranda mai faɗi, ga inuwar itatuwa, ga ɗakin boyi can baya inda hayaƙin girkinsa ba zai iso falo ba. A kudu aka yi Coal Camp, wadda yau in ka ambace ta kasuwar kayan gyaran mota da bugun maƙera ke faɗo wa mutane a rai. Waɗanda ba su sami gurbi ba suka hau gangaren tsauni suka kafa nasu matsugunai. Ɗaya daga cikin na farko ma sunan shugaban leburorin da ya zauna wurin ya ci, Ugwu Alfred, wato tudun Alfred.

Gini yana da baki, in ka san yadda ake saurarensa. Ɗauki gidan Bahaushe, ko na talaka futuk. Zaure yana cewa mai gidan nan mutum ne da ake zuwa gaisarwa. Tsakar gida tana cewa yana da iyali da ba kowa zai gani ba. Rumbu yana cewa yana sa ran ganin baɗi a nan. Yanzu dubi layin ɗakunan lebura: ƙofa, taga, ƙofa, taga, har ƙarshen layi, madafa da makewayi na kowa da kowa. Ba wurin saukar baƙo, ba wurin da mace za ta sake, ba wurin ajiya. Wanda ya zana wannan bai ga magidanci ba. Gwauro ya gani, mai ƙarfi a jika, wanda zai yi 'yan shekaru yana sara, in ƙirji ya fara tari ya koma ƙauyensu wani ya maye gadon.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne lebura ya ƙi zama gwauron. Ya je gida ya ɗauko mata. Aka raba ɗaki biyu da labule. Aka kafa langa-langa a baya ya zama madafa, aka zuba dakali a gaba ya zama wurin hira, aka dasa ayaba da gwanda a bayan layi, aka ɗaura igiyar shanya daga wannan ƙofa zuwa waccan. Mai zanen gini na zamani zai kira wannan ɓata tsari. Ni kuwa a wurina waɗannan ƙare-ƙaren su ne rabin labarin, rabin da mazauna suka rubuta da hannunsu. Duk gyaran da zai fara da ɓamɓare su don a maido da gini "yadda Bature ya bar shi", ya zaɓi ɓangare tun kafin a fara.

Ba halin Turawan mulkin mallaka ba ne kaɗai. Ko'ina aka yi kwal a duniya haka abin ya faro. Kwal ba ya bin gari, inda Allah ya binne shi nan za a same shi, sau da yawa a dokar daji, don haka dole mai rami ya gina wa ma'aikata wurin kwana. Ba a daɗe ba masu ramuka suka gane cewa ɗaki ya fi albashi riƙe mutum. Wanda ka hana albashi zai yi maka tsiwa, amma wanda rufin kan 'ya'yansa ke hannunka sai ya auna maganarsa sau biyu. A yajin aikin 1844 a yankin Durham na Ingila, masu ramuka sun watso iyalan 'yan yaji waje da tukwanensu da gadajensu, mutane suka yi makonni suna kwana a gefen hanya. A Ludlow ta jihar Colorado a Amurka, waɗanda aka kora daga gidajen kamfani suka kafa tantuna. Ran 20 ga Afrilun 1914 aka buɗe wa tantunan wuta aka cinna musu, aka tsinci gawar mata 2 da yara 11 a wani rami da suka fake a ƙarƙashin tanti.

A Inugu mai ramin ba wani attajiri ba ne, gwamnatin mulkin mallaka ce da kanta. Ita ce mai aiki, ita ce mai gida, ita ce kuma mai 'yan sanda. Ran 18 ga Nuwamban 1949, a bakin ramin Iva Valley, 'yan sanda suka harbe mahaƙa 21 har lahira, suka jikkata 51, a kan rigimar albashi da korar ma'aikata. Kisan ya girgiza ƙasar nan daga kudu har arewa, ya ƙara wa masu neman 'yanci ƙaimi. Yau akwai mutum-mutumin tunawa da su a wani shataletale cikin birnin, motoci na zagaya shi dare da rana, jihar kuma na kiran kanta jihar birnin kwal. Mutum-mutumi ba ya neman famfo, ba ya neman fansho, shi ya sa yake da sauƙin girmamawa. Ɗakunan da iyalan wasu daga cikin mutanen nan suka zauna suna jiran labari ran nan, su ne aka bari da tsatsa.

Sauran labarin sananne ne. A ƙarshen shekarun 1950 ma'aikata sun kai kimanin 8,000, kwal ɗin da ake fitarwa ya haura tan dubu 900 a shekara. Sai jiragen ƙasa suka koma shan dizal, man fetur ya ɓullo a Oloibiri a 1956, yaƙin basasa ya zo ramuka suka cika da ruwa. Aka yi ta jan ƙafa har aikin ya tsaya cak a farkon shekarun 2000. Rami ya mutu, mutane ba su mutu ba, suna nan cikin ɗakunan.

Inda wannan muhawara ta fi yin zafi, kuma aka ga ƙarshenta da ido, shi ne yankin Ruhr na Jamus. Can ma kamfanoni ne suka gina unguwanni, su ma da igiyarsu: ranar da aikinka ya ƙare, ranar hayarka ta ƙare. Sai dai gini ne na jan bulo mai ƙarko, kuma akwai wata dabara a cikinsa da ke burge ni. A Eisenheim ta birnin Oberhausen, wadda aka fara ginawa a 1846 kuma ita ce mafi tsufa a yankin, za ka ga gida guda an gicciya shi da bango biyu ya rabu huɗu, kamar an yanka lemo. Iyali huɗu, kowa da ƙofarsa ta ɓangare daban, kowa da matakalarsa zuwa ɗakin sama. Ba mai bi ta gaban ɗakin wani. Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya mai tsakar gida ɗaya, inda rigimar shara da ta igiyar shanya ke kai manya gaban mai unguwa, ya san darajar ƙofar kanka.

Bayan gida akwai ɗan ɗakin dabbobi haɗe da makewayi, sai lambu. Da yawa daga cikin ma'aikatan manoma ne da aka kwaso daga ƙauyukan gabas, masu jin yaren Poland, kuma kamfani ya lura cewa manomin da ke da kunya biyu ta dankali da akuya a turke ba ya saurin tattara komatsansa. Ba don Allah aka ba su lambun ba, amma sun ci moriyarsa. Akuya har laƙabi ta samu, saniyar ɗan kwal. Tantabara kuwa suka ce ita ce dokin sukuwar talaka. Mutumin da ya wuni a ƙarƙashin ƙasa, ya fito ya zauna yana kallon tsuntsayensa na shawagi a sama: duk wanda ya yi kiwon tantabara yana yaro ba sai an yi masa bayani ba.

Da kasuwar kwal ta fara faɗuwa a ƙarshen shekarun 1950, sai kamfanoni suka shiga sayar da unguwannin, masu tsara birane kuma suka ce ai tsohon yayi ne, ba banɗaki a ciki, a share a yi benaye. Eisenheim na cikin jerin. A 1972 mazauna suka kafa ƙungiya, wani malamin jami'a mai suna Roland Günter ya zo da ɗalibansa suka mara musu baya. Abin da ɗaliban suka yi ya wuce auna bango. Sun zauna suna rubuta wa ke hira da wa ta kan shinge, ina tsofaffi ke shan hantsi, wa ke duba yaran wa in uwa ta fita. Suka nuna cewa abin da za a rushe ba bulo ba ne kawai. Malamin da kansa ya tare a unguwar. Suka yi nasara. Gidaje 38 na nan tsaye, an sa musu banɗaki da ruwa, mutane na ciki har gobe, ɗakin wanki guda na da kuma aka mayar ɗan gidan tarihi.

Labarin Rheinpreussen, a birnin Duisburg, shi ne wanda nake so duk mai riƙe da biron sa hannu a kan rusau ya ji. Unguwa ce ta 'yan kwal mai gidaje kimanin 1,700. A shekarun 1960 aka sayar wa wani mai harkar gine-gine, ya rushe kimanin 1,200, ya kafa dogayen benaye masu hawa 20 a gurbinsu, farare tas, har ake musu kirari da fararen ƙattai. Ci gaba ke nan a idon kowa a lokacin. Mai ginin ya karye. Mutanen da suka rage a tsofaffin gidaje suka ce ba inda za su. Aka yi shekaru ana ja, har a 1979 wasunsu suka je ƙofar majalisar birni suka yi yajin cin abinci na kwana 18. Birnin ya sayi abin da ya rage, daga baya aka miƙa wa ƙungiyar mazauna.

To, ina fararen ƙattan? Wasu sun lalace, masu haya suka gudu, wani ya yi shekara da shekaru ba kowa ciki. A Maris na 2019 aka ɗana wa ɗaya nakiya aka kifar da shi, jama'a sun yi cincirindo suna kallo. A Satumban 2021 aka kifar da na biyu. Benen da aka gina don ya gaji gidan ɗan kwal bai cika shekara 50 ba, gidan ɗan kwal kuwa ya haura 100 yana nan da furanni a taga.

Ba sai da katafila ake rusau ba, akwai kisan mummuƙe. A 1951 hukumar yankin Durham ta fitar da tsari ta sa wa ƙauyukan kwal 114 alamar cewa ba su da gobe: ba sabon gini, ba kuɗin gyara, a bar su su mutu da kansu. Mutane suka ƙi tashi, aka yi ta tirka-tirka har aka jingine tsarin a 1977, kaɗan ne daga cikinsu suka ɓace gaba ɗaya. Mu a nan ba ma rubuta irin wannan a takarda, yi kawai muke. A ƙyale kwano ya ruɓe, lambatu ya toshe, bango ya tsage, sai wata rana a zo da manyan motoci a ce wurin ya zama haɗari ga lafiyar jama'a.

Faransa ta bi wata hanyar. An rufe raminta na ƙarshe a arewacin ƙasar, a Oignies, cikin Disamban 1990, a 2012 kuma hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Ba injina da tsaunukan baƙar ƙasa kaɗai aka lissafa ba, har da unguwannin mahaƙa 124 daga cikin 563 da suka rage, galibinsu kuma har yau gidajen haya ne na masu ƙaramin ƙarfi. Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne dokar 1946, wadda ta ba mahaƙi haƙƙin gida da kwal ɗin ɗumama ɗaki har iyakar ransa, in ya mutu matarsa ta ci gaba. Wannan ce takardar da Mama ba ta nuna min ba, don da tana da irinta da ita za ta fara ɗaukowa.

Ko can ɗin ma an yi son kai. A shekarun 1960 da 1970 an kwaso dubban samari daga kudancin Maroko, aka sa su a ramuka bisa kwangilar gajeren lokaci, aka zuba su a bariki a matsayin gwauraye, zanen nan dai da muka sani. Da aka zo rufe ramuka, aka ba abokan aikinsu damar karɓar haƙƙinsu na gida a dunƙule su sayi gidajen da suke ciki, su kuwa aka ce ba 'yan Turai ba ne. Sai da goma daga cikinsu suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a 2011. Ana iya yi wa bulo kirari a duniya, mutumin da ya zauna cikinsa yana yawon kotu.

Yanzu bari in ba masu ja da ni haƙƙinsu, don suna da hujja. Inugu ba Jamus ba ce. Ɗakin Iva Valley ba jan bulon Ruhr ba ne, tun asali a ƙuntace aka yi shi, wasu bangayen kuma sun wuce gyara. Birni na faɗaɗa, fili na tsada, matasa na neman wurin zama, gwamnatin da ke fama da albashi ba za ta ɗauki kuɗi ta zuba a tsohon kwatas ba. Kuma akwai gaskiya a cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba: mu da muke kwana a ɗaki mai silin ne ke ganin kyan tsatsa. Na yarda da duk wannan. Ban ce a ajiye kowane layi ba.

Tambayata ɗaya ce: in an rushe, wa zai shiga sabon? Duk mun ga yadda rusau ke tafiya a biranenmu. Jan fenti a bango, wa'adin mako biyu, katafila da asuba, diyyar da ba ta sayen rabin fuloti a bayan gari. Bayan shekara biyu sai ka ga rukunin gidaje da dogon katanga da waya mai lantarki, jikan wanda aka tasa shi ne ke buɗe get. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da a ce sabon ginin na jikokin mahaƙan ne, da ni ne zan fara riƙe wa direban katafila ruwan sha.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu da muka iya adana tarihin sarakuna. Yaron firamare ya san Bagauda da Rumfa da Sarauniya Amina. Gidan Makama na nan, hasumiyar Gobarau na nan, har gidan da Bature Hanns Vischer ya zauna a Kano an adana shi da sunan Gidan Ɗan Hausa. Sarki na da maroƙin da zai jero masa kakanni bakwai ba tuntuɓe. Lebura ba shi da shi. Na san wani zai tuna min da mai kuntigin nan na Jos da ya yi wa talakawa waƙa, Allah ya jiƙansa, amma sana'a ya waƙe, ba wanda ya jero sunayen masu yin ta. Tsakanin 1942 da 1944 an kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa aka kai su haƙar kuza a tsaunin Jos bisa tilas, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe da yawa. Ina bukkokin da suka kwana? Ciyawa ce, ta tafi. Sai kududdufai, sai sunaye irin su Barikin Ladi da muke faɗa ba tare da mun ji kalmar bariki a ciki ba. Namu ya riga ya salwanta. Na Inugu yana tsaye tukuna, shi ya sa nake magana.

Abin da nake nema ba ya bukatar biliyoyi a tashin farko. Akwai sashen koyon zanen gine-gine a jami'ar da ke cikin Inugu, akwai a Zariya. A tura ɗalibai da tef da takarda su auna layukan nan ɗaki-ɗaki, har da langa-langar da dakalin, su zauna gaban tsofaffin da suka rage su naɗi muryarsu, don kowace damina tana tafiya da bango, kowane hunturu yana tafiya da tsoho. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta zaɓi layukan da suka fi ƙwari ta sa su ƙarƙashin kariyar doka. Amma kafin a sayi ko gwangwanin fenti ɗaya, a fara da takarda: wanda ya gaji ɗakin nan daga mahaƙi ya san cewa nasa ne, ko shi kaɗai ko a ƙungiyance irin ta Rheinpreussen. Mutum ba ya sayen kwano sabo ya rufa ɗakin da za a iya korarsa gobe. In ya tabbata nasa ne, rabin gyaran shi zai yi da kansa, gwamnati ta ji da famfo da lambatu da makewayi. Inda ɗaki ya yi ƙanƙanta a fasa bango a haɗe biyu. Ɗaki guda tak ya isa a bari yadda yake, da hular a kan ƙusarta, in masu shi sun yarda.

Kafin in tafi ran nan, Mama ta sa jikanta ya jawo robobi daga ƙarƙashin gado. Biyar ne. Ta nuna min mazaunin kowace, ba ta ko duba sama ba, don siminti ya riga ya lotsa a inda ɗigon ke sauka. Na ce, "Mama, in aka ba ki sabon gida a wani wuri, za ki koma?" Ta ce, "Wa zai ba ni?" Ta yi shiru, sannan ta nuna bangon da ke tsakaninta da maƙwabciyarta, ta ce in dare ya yi ba ta ji tarin waccan ba sai ta ƙwanƙwasa, waccan ma haka, shekara arba'in ke nan.

Ta rako ni har bakin dakali tana dafa bango. Ta ce, "Ɗana, in ka koma Arewa ka bi ta Kafanchan ka duba min gidanmu. Layi na uku daga tasha, ƙofar da ke kallon mangwaro."